Daga Mawashi Zuwa Gaban Goshi: Matakan Koyon Aski da Aska

Tsakure

Wannan takarda ta yi nazarin yadda ɗan koyo yake fara sarrafa aska, tun daga ranar da aka ɗora masa zabira har zuwa ranar da aka yarda ya ɗora kaifi a kan fatar mutum. Manufarta ita ce nuna cewa ilimin aski yana ƙunshe ne a cikin jerin matakansa, wato kallo, da washi, da jiƙo, da riƙo, sannan jan aska, kuma duk matakin da aka tsallake sai fatar wanda ake yi wa aski ta biya bashinsa. Takardar ta kwatanta ɗan koyon wanzanci, wanda yake koyo a kan wani, da mai koyon aske fuskarsa da kansa, kamar yadda al'adar ta bunƙasa a Turai. Ta kuma dubi yadda shigowar reza da injin aski suka cire washi daga cikin jerin, da yadda cututtukan da ake ɗauka ta jini suka tilasta ƙara sabon mataki. A ƙarshe an yi kira ga manazarta da su taskace kalmomi da dabarun wannan fage tun masu su suna raye.

Fitilun kalmomi: aska, aski, wanzanci, washi, ɗan koyo

1.0 Gabatarwa

Idan aka ambaci wanzami a fagen nazarin al'ada, hankali yakan fi karkata ga kaciya da tsaga da ƙaho da cire belu, domin su ne ayyukan da suka haɗa shi da magani da tsafi da camfi. Ko littafin Lewis Wall na 1988 a kan magungunan Hausawa, wanda ya gina a kan binciken da ya yi a yankin Malumfashi, ta fuskar kiwon lafiya ya kalli wanzami. Shi kuwa aski, da yake aiki ne na yau da kullum, akan ambace shi a jimla ɗaya ko biyu a wuce, kamar dai babu wani ilimi a cikinsa. Alhali kuwa da shi ake buɗe wa yaro ƙofar sana'ar, kuma a wurinsa ne ubangida yake gane ko hannun yaron zai iya ɗaukar abin da ya fi aski haɗari.

Tambayar da takardar ta sa a gaba ita ce: mene ne mutum yake koya idan an ce yana koyon aski da aska, kuma wane abu ne yake rigan wani? Amsar tana da amfani ga mai nazarin sana'o'in gargajiya da mai tsara ƙamus, haka nan ga malamin da yake koyar da darasin al'ada ga ɗaliban da yawancinsu ba su taɓa zama a gaban wanzami ba.

2.0 Kalmomin Fage

Daga saiwa guda Hausa ta samar da "aska" (jam'i: asake) ga makamin, da "aski" ga aikin, da "aske" ga aikatau, da "ma'aski" ga mai yin sa. Kalmar "wanzami" ta fi "ma'aski" faɗi, domin kowane wanzami ma'aski ne, amma mai shagon aski na zamani ba ya zama wanzami don kawai yana aske kai. Kalmar ta yaɗu har wajen ƙasar Hausa: Zabarmawa suna cewa "wanzam", haka ma a Ghana da wannan suna aka san masu kaciyar gargajiya, abin da yake nuna sawun Hausawan zango a wannan sana'a. A masarautun ƙasar Hausa kuwa, shugaban wanzamai Sarkin Aska ake kiransa. Wato a cikin dukkan kayan zabira, aska aka zaɓa ta zama tambarin sarautar.

Akwai kuma kalmomin da suke rarrabe nau'in aikin. Ƙwal kwabo shi ne a aske kai tas. Saisaye shi ne rage tsawon gashi ba tare da an kai ga fata ba, kuma aikin almakashi ne. Gyaran fuska ya shafi daidaita saje da gefen gemu da gashin baki. Zanko da tukku kuwa sassan gashi ne da a da akan bar wa yara a kai, al'adar da ta ja baya saboda hadisin da ya hana aske wani ɓangare na kai a bar wani. Musulunci ya kuma yi tasiri ta wata fuskar: da yake malamai sun kwaɗaitar da barin gemu, askin Bahaushe ya fi tattaruwa a kai da gefunan fuska, saɓanin na Bature wanda ya fi shafar haɓa da kumatu.

3.0 Aska da Ire-irenta

Ɗan koyo a yau zai iya cin karo da aska iri uku. Ta farko ita ce askar maƙera, ƙarfe guda gajere wanda maƙeri ya buga ya fitar masa da baki. Ta biyu ita ce aska mai naɗewa, wadda kaifinta yake shigewa cikin mariƙinta idan an gama aiki. Wannan ta bunƙasa ne a biranen ƙira na Turai, musamman Sheffield a Ingila, inda Benjamin Huntsman ya fito da dabarar narka ƙarfe a cikin tukunya a shekarun 1740, sai kuma Solingen a Jamus da Thiers a Faransa. Ana auna faɗinta da kashi takwas na inci, kuma wadda aka fi shawartar mai farawa da ita ita ce mai faɗin 5/8 mai zagayayyen tsini, domin tsini mai kusurwa yana saurin sokar kunne da gefen hanci. Ta uku ita ce aska mai cin reza, wadda siffarta ta mai naɗewa ce amma ana saka mata rabin reza a cire a yar bayan kowane aski.

Kowace aska tana da sassa huɗu da ya wajaba ɗan koyo ya san su da suna: baki, wato kaifin da yake yanka, gadon baya, wato gefen mai kauri, tsini, da kuma mariƙi. Gadon baya shi ne ma'aunin mai aska, da shi ake daidaita kwanciyarta a kan dutse, da shi kuma ake daidaita tashinta a kan fata.

4.0 Ɗan Koyo Iri Biyu

A al'adar Bahaushe ta dauri, magidanci ba ya aske kansa. Kowane gida yana da wanzaminsa, wanda yake zagayowa lokaci-lokaci, a sallame shi da kuɗi ko hatsi, a kuma tuna da shi ranar suna. Saboda haka mai koyon aski ɗan wanzami ne ko yaron da aka kai gidan wanzamai, kuma a kan wani yake koyo. Larabawa suna da karin magana a kan mai koyon aski a kawunan marayu, wanda yake nuna cewa tun can an san wani ne yake ɗaukar zafin kuskuren ɗan koyo, kuma sau da yawa mai rauni ne.

A Turai ma ma'aska ne suke riƙe da aikin, har a Ingila aka haɗa su da masu tiyata a ƙungiya guda a 1540, ba su rabu ba sai a 1745. Wannan haɗin aski da tiyata ya yi kama da matsayin wanzami ƙwarai. Amma a 1769 wani maƙerin wuƙaƙe na birnin Faris mai suna Jean-Jacques Perret ya wallafa littafi sukutum a kan yadda mutum zai koyi aske fuskarsa da kansa. Daga nan aka sami ɗan koyo iri na biyu, wanda shi ne ma'aski kuma shi ne ake yi wa askin.

Bambancin da yake tsakaninsu yana da muhimmanci ga darasin. Mai aske kansa yana jin kaifin a jikinsa nan take, sai dai madubi yana juya masa dama da hagu, hannunsa kuma yana tare masa gani. Ɗan koyon wanzanci yana ganin komai sarai, amma ba ya jin komai. Dole ya koyi karanta ƙarar aska, da motsin fatar ido, da ɗaurewar wuyan wanda yake gabansa, musamman da yake kunya da jarunta suna hana Bahaushe cewa "da zafi".

5.0 Matakan Koyo

5.1 Kallo da Ɗaukar Zabira

Aikin farko na yaron wanzami shi ne bin ubangidansa da zabira, da ɗebo ruwa, da shimfiɗa tabarma, da tattara gashin da aka aske. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin aiki ba ne, domin Hausawa da yawa sun yi imani ana iya yi wa mutum sammu da gashinsa, don haka akan tattara shi a binne ko a damƙa wa mai shi. Yaron da ya iya tsare gashin mutane ya fara koyon amana ke nan, kuma amana ita ce jarin mutumin da sarki da talaka suke sunkuyar da kai a gabansa yana riƙe da makami.

A wannan lokaci ne idon yaro yake haddace abin da ba a faɗa da baki: yadda ake zama, da inda ake ajiye aska idan za a ƙara ruwa, da yadda hannun hagu yake rigan na dama isa kowane wuri. Mai koyo shi kaɗai a gida, wanda ba shi da ubangida, shi ma yana bukatar madadin wannan mataki. Ya bar gashinsa ya yi kwana biyu ko uku, ya shafa da yatsa ya gane inda kowane sashe ya kwanta, domin gashin kumatu yakan kwanta ƙasa, na wuya kuwa sau da yawa gefe yake bi ko ma sama.

5.2 Washi

Mafi yawan masu farawa kaifin aska suke tsoro, alhali dakusasshiyar aska ce take yawan yanka mutum. Idan baki ya dakushe ba ya yanke gashi sai an danna, kuma dannawar ce take sa aska ta yi tsalle ta nutse a fata. Shi ya sa washi yake zuwa kafin aski.

Washi hawa biyu ne. Na farko a kan mawashi ake yin sa, wato dutse mai laushin fuska da aka jiƙa da ruwa. Ana kwantar da aska mai naɗewa baki da gadon baya duk suna taɓa dutsen, a tura ta baki yana gaba kamar za a feɗe wa dutsen fata, sannan a juya ta a kan gadon bayanta a dawo. Kaurin gadon bayan shi yake tsayar da kusurwar kaifin, wadda ba ta cika wuce digiri 15 zuwa 20 ba. Na biyu a kan fata ake yin sa, kuma akasin na farko ne: gadon baya ne yake gaba, baki yana biye. Wanda ya tura baki gaba a kan fata zai yanke fatar ya kuma lanƙwasa kaifin. Dutse yana cin ƙarfe, don haka sai aska ta dakushe ake komawa gare shi. Fata kuwa miƙar da bakin take yi ta goge shi, don haka kafin kowane aski ake bi ta kanta. Gogaggen wanzami yakan yi wannan a tafin hannunsa a tsakiyar aiki, amma ba abin da ɗan koyo zai kwaikwaya ba ne a farkon tafiya.

Kimiyya ta bayyana dalilin wannan wahala. A 2020 wasu masu bincike na cibiyar MIT da ke Amurka sun wallafa a mujallar Science cewa gashi, duk da ya fi ƙarfen reza laushi kusan sau 50, yana ɓantarar bakin ƙarfen, musamman idan silin ya lanƙwashe ya haɗu da kaifin a karkace. Ke nan kowane aski yana rage wa aska wani abu, kuma mai aska bai da makawa sai ya zama mai washi.

5.3 Jiƙo

Busasshen gashi yana da tauri, amma yana shan ruwa ya yi laushi cikin minti biyu zuwa uku. Wanzami yakan ɗebi ruwa da hannu ya murza kai sosai, wani da sabulu, wani da ruwa zalla. Ruwan ɗumi ya fi na sanyi saurin aiki. Amfanin kumfar sabulu biyu ne: tana riƙe danshi a jikin gashi, tana kuma sa ƙarfe ya zame a kan fata. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne a jiƙa kai gaba ɗaya sau ɗaya a ɗauka an gama. Ɗan koyo yana da nawa, kafin ya gama gefe guda ɗayan ya bushe, musamman a lokacin hunturu. Ƙa'idar ita ce kada aska ta sauka a wurin da ba ya ƙyallin ruwa. Bahaushe da ya ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa, gargaɗi yake yi a kan riga-kafi, kuma a fagen aski ma ruwa ne riga-kafin.

5.4 Riƙo da Kusurwa

Ana riƙe aska mai naɗewa a buɗe, babban yatsa a ƙarƙashin wuyanta kusa da baki, yatsu uku a sama, ƙaramin yatsa kuma a kan ɗan ƙugiyar da ke bayan mahaɗa. Riƙon ya zama mai ƙarfin da aska ba za ta kuɓuce ba, amma ba mai sandarar da wuyan hannu ba. Idan kuwa ta kuɓuce, ba a cafe ta, sai a janye jiki a bar ta ta faɗi.

Kusurwar da take tsakanin aska da fata kada ta wuce digiri 30. Hanya mafi sauƙi ta gane wannan ita ce a kwantar da askar a kan fata, sannan a ɗaga gadon bayanta da kimanin kaurinsa sau ɗaya ko biyu. Idan ta kwanta da yawa sai ta riƙa jan gashi ba ta yanke ba. Idan ta miƙe da yawa sai ta koma kankara, daga nan kuma sai yanka. Kunne yana taimakawa: aska mai kyau a kusurwa mai kyau tana fitar da siririyar ƙara, wadda take yin kauri idan an miƙar da ita fiye da kima. A makarantun koyon aski na Turai da Amurka akan sa ɗalibi ya shafa wa balan-balan kumfa ya kwashe ta da aska ba tare da ta fashe ba, kuma dabara ce da za ta rage wa ƙannen ɗan koyo wahala.

Hannun da ba ya riƙe da aska shi ne rabin aikin. Shi yake jan fata ta miƙe, kuma a bayan aska yake zama, ba a gabanta ba. Fatar da ta yi sako-sako takan tattare a gaban kaifi, tattarar kuwa ita ake yankewa.

5.5 Jan Aska

Ƙa'idoji uku ne suke tsare fata a nan. Na ɗaya, ja ya zama gajere, kimanin santimita ɗaya zuwa biyu. Na biyu, nauyin askar kansa ya isa, ba a ƙara masa da danni. Na uku, aska ba ta tafiya a tsawon bakinta kamar yadda ake yanka nama, gaba take tafiya kamar fartanya. Haka kuma ba a ajiye baki a kan fata a tsaya tunani: a sauke ta tana tafiya, a ɗaga ta tana tafiya. Zagayen farko yana bin kwanciyar gashi. Komawa a saɓa wa kwanciyar don neman sulɓi aikin gwani ne, kuma ko a hannun gwani yana da illa ga wasu fatun, kamar yadda za a gani a gaba.

Ta fuskar inda ake farawa, an so a fara da ɓangaren dama, bisa abin da aka ruwaito na askin Manzon Allah (SAW) a Mina. Karin maganar nan da ke cewa aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi tana adana wani bayani na fasaha, domin tana nuna cewa goshi ne ƙarshen aiki. Ana iya fahimtar zafin ta hanyar matakan da aka bayyana: kafin a iso goshi ruwa ya fara bushewa, kaifi ya ragu, haƙurin mai zama ya kusa ƙarewa, hannun ma'aski kuma ya fara gaggawar gamawa. Darasin ga ɗan koyo shi ne ya sake jiƙawa ya sake bi ta kan fatar washi kafin ya taɓa goshi.

Wuraren da suke bukatar taka-tsantsan su ne bayan kunne, wanda ake lanƙwasa shi da yatsa kafin a bi, da tattarar ƙeya, wadda ake sa mutum ya sunkuya don ta buɗe, da tsakar kai inda gashi yake juyawa, da duk inda tawadar Allah ko ƙurji ko tsohon tabo yake. Askin jariri ranar suna ba ya cikin aikin ɗan koyo ko kaɗan, saboda taushin fatar da kuma maɗiga wadda ƙashi bai rufe ta ba tukuna.

5.6 Mai Aske Fuskarsa

Wanda yake koyo a fuskarsa ya raba aikin kwanaki. A makon farko ya tsaya a kumatu kawai, daga saje zuwa muƙamuƙi, a ɓangaren hannun da ya fi ƙarfi, ya ƙarasa sauran da abin da ya saba. Bayan hannu ya zauna sai ya ƙara ɗaya kuncin, sannan wuya, inda zai ja fatar da ke kan zakaran wuya gefe kafin ya aske ta. Haɓa da ƙarƙashin hanci su ne na ƙarshe, domin a nan gashi ya fi kauri, fuska kuma ta fi lanƙwasa. Bayan an gama a wanke da ruwan sanyi, a shafa alif a inda ya yi ɗan jini, a bi da man kaɗanya ko wani mai marar turare. Ita ma askar a wanke ta a tsane ta sarai, domin tsatsa daga bakin take farawa.

6.0 Abin da Yake Cikin Haɗari

Ƙaramin yanka yana warkewa cikin kwanaki, amma akwai illoli biyu da suka fi shi nisa. Ta farko ita ce ƙurajen aski. Gashin mafi yawan 'yan Afirka murɗaɗɗe ne, idan aka aske shi ƙasa da fuskar fata, ko aka saɓa wa kwanciyarsa, tsininsa yakan lanƙwaso ya soki fata yayin da yake tsirowa, wurin ya kumbura. A ƙeya irin wannan kumburi yakan rikiɗe ya zama tabo mai tudu wanda yake da wuyar magani. Don haka shawarar da littattafan Turawa suke bayarwa ta a bi fuska sau uku don neman sulɓi ba ta dace da kowace fata ba. Ga mai yawan ƙuraje, zagaye ɗaya mai bin kwanciyar gashi ya wadatar.

Ta biyu ita ce yaɗa cuta. Askar da ta bi kai fiye da ɗaya tana iya ɗaukar makero daga wannan yaro zuwa wancan, tana kuma iya ɗaukar jinin da ido ba ya gani. Tun da aka ba da rahoton ɓullar cuta mai karya garkuwar jiki a Nijeriya a 1986 ake jan hankalin wanzamai a kan wannan, amma ƙwayar ciwon hanta nau'in B ta fi ta saurin kamawa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa tana iya rayuwa a wajen jiki na aƙalla kwana bakwai. Hukumar ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne suke ɗauke da ita a duniya, miliyan 65 daga cikinsu a yankin Afirka. Nijeriya ta sanya allurar riga-kafinta cikin jerin na yara a 2004, wanda yake nufin manya da yawa da aka haifa kafin lokacin ba su samu ba. Goge aska da tsumma ko a tafin hannu ba ya kashe ƙwayar. Gasa ta a harshen wuta kuma yana iya kashe taurin bakin ba tare da tabbacin ya tsarkake ta ba. Abin da ya fi aminci shi ne a wanke ƙarfen da sabulu a tafasa shi na minti 20, ko kowane mutum ya mallaki askarsa, ko a yi amfani da sabuwar reza ga kowane kai. Wannan shi ne matakin da ya zama dole a ƙara a kan jerin da aka gada, kuma wurinsa tun farkon koyo ne, tare da ɗaukar zabira.

7.0 Abin da Reza ta Sauya

King Camp Gillette ya fara sayar da rezarsa a Amurka a 1903, ya sami rajistar mallakar fasahar a 1904, kuma rabon da aka yi wa sojojin ƙasar a Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sa miliyoyin samari suka saba da ita. Injin aski mai aiki da lantarki ya biyo baya ba da jimawa ba. Abin da waɗannan kaya suka yi shi ne ɗauke washi daga hannun ma'aski su mayar da shi masana'anta. Ta fuskar lafiya wannan ci gaba ne, domin kaifin da ake yarwa ba ya kai cutar wani ga wani. Ta fuskar ilimi kuwa an yi asara, domin washi ne yake koya wa yaro haƙuri da sauƙin hannu kafin ya taɓa mutum. Wanda ya fara da aska mai cin reza yana riƙe da kaifi mai tsanani tun ranar farko, da hannun da bai taɓa horuwa a kan dutse ba.

Asarar ta shafi harshe ma. Idan mawashi ya fita daga zabira, kalmomin da suke tafiya da shi za su bi shi, kuma karin magana irin su "wanzami ba ya son jarfa" za su zama jimlolin da ɗalibi yake haddacewa ba tare da ya ga hoton da ke bayansu ba. Alaƙar gida da wanzaminsa, wadda take haɗa kaka da jika a hannun zuriya guda, ita ma ta koma ciniki na minti goma a shago.

8.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa jan aska a kan fata shi ne mataki na ƙarshe a koyon aski, kuma ingancinsa ya dogara ne a kan matakan da suka gabace shi. Tsarin wanzamai na jinkirta wa yaro kaifi har sai ya ƙware a kallo da washi yana da hujja a kimiyyar ƙarfe da ta gashi, ko da yake yana bukatar a ƙara masa tsarkake kayan aiki da lura da yanayin fatar mai murɗaɗɗen gashi. Ana ba da shawarar sassan nazarin Hausa su tura ɗalibai gidajen Sarakunan Aska na garuruwansu, su ɗauki hoton bidiyo na washi da riƙo da zaman aski, su kuma rubuta sunayen sassan aska da na duwatsun washi kamar yadda kowane karin harshe yake faɗar su, daga Sakkwato zuwa Damagaram har zangunan Kumasi. Irin wannan aiki zai amfani masu tsara ƙamus, zai kuma ba ma'aikatan lafiya kalmomin da za su yi wa wanzamai magana da su a cikin harshen sana'arsu.